Tagar da Na Hana a Toshe

Da rana tsaka nake ba da wannan labari, don ku san ba tatsuniya ba ce; mu a garinmu ba a tatsuniya rana tana sama. Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Ni nake faɗa, surukata take rubutawa, kuma na gaya mata ko inda na taɓa ta kar ta gyara.

A gidanmu akwai kwamfuta, irin wadda ake kifewa kamar faifai a kan faifai. Mai ita ya rasu, damina uku ke nan. Malamin gona ne, yana zaga ƙauyukan nan na tsakanin Bagwai da Bici a kan babur, yana duba tsutsa a masara, yana faɗa da mutane a kan yadda suke zuba taki. Shi ne na fari a wurina. Sunansa kuwa ba za ku ji shi a bakina ba, kamar yadda shi ma bai taɓa ji ba har ya koma.

Mu haka muka taras. Ɗan fari ba naki ba ne a idon mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai ki kau da kai wata ta ɗauka. Ana yaye shi uwar mijina ta karɓe shi, danga ɗaya ce tsakaninmu. Ina tankaɗe ina jin tarinsa ta saman dangar, hannuna bai taɓa tsayawa ba. Ranar da aka kawo shi daga asibitin birni a naɗe, mata suka cika gidan da kuka, ni kuwa na ɗauki tsintsiya na share gaban murhu, na ɗora ruwa. Har yabona aka yi. Aka ce ga kunya irin ta mutanen da.

To, ga abin da ba wanda ya sani.

A kakar da ta zama ta ƙarshe a gare shi, ya zo masussuka da waya a hannu. Wai a wurin aikinsu ana son a ji yadda tsofaffi ke zaɓen iri. Ya tsaya a kaina ina sheƙar gero, iska ta riga ta tafi da kallabina, ƙaiƙayi ya cika mini kai. Ya tambaye ni yadda ake gane zangarniyar da ta cancanci a ajiye, na gaya wa tsibin geron, ban gaya masa ba: wadda ta cika har baki, wadda tsuntsu bai fara ba, wadda aka yanka daga tsakiyar gona ba ta bakin hanya ba. Ya ce, "Inna, ɗago mana, geron ba guduwa zai yi ba." Na ce ya tafi ya ba ni wuri. Ya yi dariya. Duk wannan ya shiga cikin wayar, daga wayar ya zuba shi a kwamfuta. Fuskarsa ba ta fito ba ko sau ɗaya. Sai inuwarsa doguwa a kan geron, da hular nan tasa a karkace, da muryar.

Da ciwon ya fara cinsa, wata rana da hantsi gidan ba kowa, ya zo ƙofar ɗakina da kwamfutar, ya zauna a kan turmi. Wuyansa ya zama kamar na zabo. Ya ce in duba. Wannan na kusurwa a danna shi sau ɗaya, a jira kamar tafasar ruwan shayi. Wata taga za ta buɗe da kanta. Sai a danna kibiyar da ta kalli ƙasa, sai wannan mai faɗin na hannun dama.

"Ba sai kin roƙi kowa ba," in ji shi.

Na ce me zan yi da tarkacen nasara, ya ɗauke mini daga ƙofa kafin kaji su hau kai. Bai ɗauke ba. Ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa, ya sake kunnawa, har sau uku, a hankali, wai yana gwada batir. Ni kuwa ina tsinar wake, kaina a sunkuye, amma idona ya riga ya haddace inda yatsansa ya sauka.

Bayan rasuwarsa matarsa ta yi takaba a gidan, ta gama, ta ce ba inda za ta da 'ya'yanta. Malamar firamare ce, kwamfutar ta zama abin aikinta. Da ita take buga tambayoyin jarrabawa, da ita take shirya sakamakon yara. Ba kullum take tafiya da ita ba. Yawanci tana barinta a kan akwatin ɗakinta, an jona ta da wutar sola da ke kan rufi. In ita da yaran suka fita makaranta, maza suka tafi gona, ranar da na ji ƙirjina ya yi nauyi sai in shiga in ɗauko, in tura ƙofata, in danna na kusurwa. In jira. Tagar ta buɗe. Kibiya, sai mai faɗi. In ya gama dariyarsa sai in kife, in goge da bakin zane, in mayar daidai yadda na same ta, har igiyar ina naɗe ta yadda take.

Matsalar ita ce tagar ba ta san ni ba, ba ta san surukata ba. Duk wanda ya kunna, ita ce farkon abin da zai tarbe shi. Kullum sai na ji tsakinta ta bango. Sau ɗaya ta taɓa buɗe abin da ke ciki, ta ji muryarsa, ranar ba ta iya zuwa makaranta ba. Daga nan ta daina buɗewa, sai dai ta rufe tagar da sauri kamar mai korar kaza daga shanya. Amma a cikin tagar akwai ɗan hoto ƙarami, ni ce tsaye kai ba ɗankwali. Wata rana ta kunna a ofishin malamai, shugaban makaranta yana tsaye a bayanta, wani malami mai ƙaiƙayin hannu ya miƙo yatsa ya danna. Ofishin gaba ɗaya ya ji ni ina cewa a tafi a ba ni wuri. Ta dawo gida idonta jawur, ta ce ita kam ta gaji, sai ta ga bayan tagar nan.

Ta fara da nata dabarun, ni kuwa ina bakin murhu na kasa kunne. Ta ɗauke foldar, haka suke kiran ma'ajiyar da abin yake ciki, ta kai ta wani lungu can cikin kwamfutar. Washegari ta kunna, tagar ta biyo ta. Ta canja mata suna, tagar ta buɗe da sabon sunan. Wata abokiyar aikinta ta karɓa ta sa mata maganin bairos, wai wata cutar inji ce, ya yini yana bincike, bai kama ko ƙuda ba. Ranar miyata ta sha man shanu, ba wanda ya san dalili.

Sai autana ya zo. Shi ɗan kasuwa ne a Dawanau, yana sayen wake da dawa, wayoyi biyu gare shi, kuma tun da ya sayi mota babu abin da bai sani ba a duniya. Ya kunna, ya ga tagar, ya girgiza kai irin na likita. Ya ce bairos ne mai taurin kai, maganinsa ɗaya, a kai ta Bici a yi mata fomat. Na tambaya daga inda nake mene ne wannan kuma. Ya ce kamar a kwashe rumbu ne kaf, a share, a yi masa sabon yaɓe. Surukata ta ce sai ta kwashe takardun makaranta tukuna. Abin da ke cikin tagar kuma za a juye shi a wani ɗan ƙarfe kamar ɗan yatsa, ta kulle a akwati, don yara in sun girma.

Na juya maganar a raina. A akwati, da makulli. In ma an ba ni ɗan ƙarfen a hannu, ina zan soka shi? Sai na roƙa ke nan. In roƙa in ce me? In buɗe baki in ce wa matarsa a kunna mini muryar wane? Abin da na yi shekara arba'in da ɗoriya ban yi ba?

Don haka sai na nemo wasu dalilai. Na ce kayan marayu ne, ba a taɓa su sai da shawara. Autan ya ce ai gyara za a yi, ba sayarwa ba. Na ce tagar me ta ci muku, tuwonku ko furarku? Na ce mu da muka tashi a ɗakin da ba taga mun san darajarta. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce Inna da ko rediyo sai an kamo mata tasha, yau ita ce lauyar kwamfuta. Na ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce to ai ɗakin ba nawa ba ne. Nan ya fi ni gaskiya a idon kowa.

Da safe ya zo ɗaukarta, ya same ni zaune a kujerar gaban motarsa, na yafa mayafin unguwa, kwamfutar tana kan cinyata a naɗe cikin zane. Ya ce Inna lafiya? Na ce inda za ta nan za ni. Rabona da hanyar Bici tun ranar da aka wuce da mai kwamfutar asibiti. Surukata ta shiga baya. Gero ya fara fitar da kai a lokacin, gona tana bin gona har bakin kwalta, ina kallo ina tuna wadda marigayin ya taɓa tsayawa a ciki yana faɗa.

Mai gyaran dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa, shagonsa yana wani layi da ɗaliban kwaleji ke yawan bi. Ya gaishe ni gaisuwar mutunci, ya sa aka kawo mini benci. Ɗalibai biyu mata suna gefe suna jiran a buga musu takardu. Autan ya ajiye mukullin mota a kan tebur ya ce fomat za a yi, yana sauri. Mai gyaran ya ce Alhaji a bari ya duba tukuna, ba a rushe ɗaki don ɓera ɗaya. Na ji mutumin ya kwanta mini.

Ya kunna. Tagar ta buɗe. Ya tambayi surukata ko kullum wannan ce, ko wani lokacin wata ce daban. Ta ce kullum ita ce, ko an ɗauke ta, ko an canja mata suna. Ya ce to wannan ba ciwo ba ne. Ya juyo yana yi mana bayani, kuma ni yake kallo, ba mai motar ba. Ya ce a cikin kowace kwamfuta akwai wani wuri kamar zaure. Duk abin da aka ajiye a zauren nan, shi take fara gaisarwa in ta farka. Ya danna wasu abubuwa biyu tare, ya rubuta 'yan kalmomi, sai wata tagar ta daban ta buɗe, abu ɗaya tak a cikinta. Ya ce ga shi nan. Ba foldar ba ce kanta, 'yar hanya ce aka share daga zaure zuwa gare ta, shi ya sa ko an matsar da ita sai hanyar ta bi ta. Kuma irin wannan ba ya zuwa nan da ƙafarsa, hannun mutum ne ya sa shi.

Ya matsa kusa da gilashin kwamfutar, ya gyara tabarau. Sai ya ɗago ya dube ni. Autan ya ce Malam karanta mana, me aka rubuta?

"An rubuta, ƙofar Inna, a bar mata a buɗe."

Ko injin da ke buga takardu sai da na ji kamar ya rage ƙara. Surukata ta juyo. Ɗaliban nan suka juyo. Ni kuwa amsar da uwata da uwar mijina suka koya mini tana kan harshena a shirye: ban san zancen ba, shirmen yara ne. Da na faɗe ta da an yi dariya an wuce, da na koma gida da kunyata cikakkiya kamar ƙwaryar da ba ta taɓa faɗuwa ba.

Mai gyaran ya ce dannawa ɗaya ce ta fita, abin da ke cikin foldar kuma ba abin da zai same shi. A cire? Autan ya share wuya, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce Allah ya ji ƙan Yaya, niyya ya yi mai kyau, amma ai Inna ba ta iya ba. A cire kawai, shi zai sa mata a waya, duk ranar da take so sai ta yi magana a kunna mata.

Wai sai na yi magana. A nan ne na tashi.

Na kau da hannun mai gyaran daga kan kwamfutar, na ce ya kashe ta. Ya kashe. Na gyara mayafina. Na danna na kusurwa sau ɗaya. Muka tsaya dukanmu muna jira kamar masu jiran liman. Tagar ta buɗe. Na danna kibiyar da ta kalli ƙasa, na danna mai faɗin. Iskar masussuka ta cika shagon, ga ni nan kai ba ɗankwali ina gaya wa tsibin gero yadda ake zaɓen iri, ga inuwar da hular a karkace. Ban rage ba, ban kau da kai ba. Na bar shi ya ce in ɗago, na bar shi ya yi dariyarsa har ƙarshe.

"Tawa ce," na ce. "Ni ya bar wa. Ɗana ne, ni na haife shi, kuma ba mai toshe ta ina numfashi."

Tun da aka yanke masa cibiya ban taɓa cewa ɗana ba a gaban wani mahaluki. Sai ga shi na faɗa a shagon gyara, a gaban namiji baƙo da 'yan mata biyu da ban san iyayensu ba. Ƙasa ba ta tsage ba. Sunan dai na riƙe abina.

Autan ya ɗauki mukullinsa ya fita, wai zai duba taya. Surukata ta daɗe tana kallon hannuna kafin ta ce, "Inna, tun yaushe?" Na ce tun tana takaba. Ta ce shi ya sa kullum take samun caji ya ragu, har ta yi niyyar sayen sabon batir. Kuma ta sha jin warin daddawa a kan madannan, ta rasa daga ina. Na ce ai ina gogewa. Ta ce ba ya fita. Ta sa gefen hijabinta a ido, ta juya wa ɗaliban baya.

Da ta natsu ta ce wa mai gyaran a bar hanyar nan inda take. Abu ɗaya ta roƙa, ɗan hoton nan ya daina fitowa, don kar a sake ganin kan surukarta a ofis. Ya yi 'yan danne-danne, hoton ya koma layin rubutu siriri. Na ce ban yarda ba sai na gwada. Na gwada, kibiya da mai faɗi suna nan suna aikinsu. Ya ce Iya ki bari duk da haka a juye kwafi a ɗan ƙarfen, inji ba shi da alƙawari. Wannan na yarda, don ko iri ba a ajiye shi wuri ɗaya. Rabi a rumbu, rabi a rataye a ɗaki.

Kafin mu kai gida labarin ya riga mu, ban san ta ina ba. Bayan kwana biyu ƙanwar mijina ta zo, sa'ata ce, tare aka yi mana aure da ƙuruciya. Ta zauna ta sha fura, ta yi zancen ruwa da tsadar taki, sannan ta gangaro. Ta ce ta ji wai na zubar da kunyar fari a kasuwa, abin da aka san ni da shi, abin da ake ba 'yan mata misali. Na ce ta ji daidai. Na ce kunyar nan na yi mata bauta yana raye, na yi mata ranar da aka ɗauke shi, na share murhu mutane suna yabo. Ta karɓi nata ta ƙoshi. Wannan ɗan abin da ya rage, tsawon tafasar ruwan shayi, ba na ba ta. Ta ce Allah ya kyauta. Na ce amin, in tana son ji ta matso. Ta ce ita? Allah ya kiyaye. Na kunna. Ba ta matso ba, amma ba ta tashi ba har ya gama dariya, kuma na ga tana gyara ɗaurin kallabin da ba abin da ya same shi.

Yanzu ba na tura ƙofa. A tsakar gida nake shimfiɗa tabarma, a inuwar darbejiya. Ranar da surukata ba za ta tafi da ita ba, a bakin ƙofata take ajiye ta cike da caji. In ita ce ta kunna don aikinta, har yanzu tagar tana tarbarta, har yanzu tana rufewa da sauri, sai dai tsakin ne na daina ji. Autan kuwa duk zuwan da zai yi sai ya ce abin nan yana sa kwamfutar nauyi wajen tashi. Na ce ta yi ta nauyi, ni ma ba da wuri nake tashi ba.

Ki rubuta wannan da kyau, 'yar nan, yadda autan ma zai karanta. Ranar da aka fita da ni, ku koma wurin dattijon nan ya toshe tagar, dannawa ɗaya ce. Kafin ranar, duk wanda hannunsa ya kai zauren nan, da ni zai yi.